Shekarar da Na Bar Jirgi Ya Tafi

Na san abin da ake gaya muku a gidan marigayi Yaya Buhari. An ce shekarar da aka haifi Hajara na tafi wani tsibiri na miƙe ƙafa ina shan iska, har wurin sana'ar da mahaifinmu ya bari ya salwanta. Ban taɓa tsayawa musu da kowa ba, don a lokacin ina da abin yi. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, zan faɗa muku yadda aka yi. Na yi kuskure a shekarar nan, ba na musu. Amma ba inda suke nunawa yake ba.

Kakanku da ƙafa ya zo daga ƙasar Haɗeja. Ya yi noman auduga a Sudan kafin ya tara kuɗin ƙetare teku, ya sauke farali, ya zauna Jidda. Da ya rasu, abin da ya bar mana tabarma ce da inuwar wani bango a kan hanyar da alhazan jirgin ruwa ke bi daga tasha zuwa masauki. A nan yake baza carbi da kwalli da zobba. Wurin ba shi da takarda, amma yana da doka, kowa kuma ya san ta: naka ne muddin kana zaune a kan tabarmarka idan jiragen alhazai suka fara sauka. In jirgi na uku ya iso ba ka nan, na kusa da kai ya matso. Shi kansa kakanku haka ya sami wurin. Yaya Buhari a Makka yake aiki lokacin mausim, wato kakar alhazai, wajen wani mai saukar baƙi, saboda haka ni na gaji tabarmar. Mausim shida na yi a kanta.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne yusur. Ku da kuka tashi kuka tarar da shi a kanti ba ku san darajarsa a wancan zamani ba. Wani baƙin reshe ne da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, in an feƙe shi an goge sai ya yi sheƙi kamar idon tsuntsu. Alhaji ko daga Kano yake ko daga Jawa, carbin yusur yake tambaya kafin komai. Mu masu tabarma sai abin da manyan kantunan cikin gari suka rage muke samu, a farashin da suka ga dama. Mu ne masu ihu a rana, su ne masu cin riba a inuwa. Wata rana wani matuƙin jirgi ya tsaya sayen kwalli, ya ji kuɗin da na faɗa wa wani alhaji, ya yi dariya ya ce a garinsu awaki ne ke sosa baya da wannan abin. Na saya masa shayi kofi uku kafin ya faɗi sunan garin. Tsibiri ne can kudu, gaban Jizan. Sunansa kuwa ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau ma ba zan fara ba.

Na kawo maganar bayan abincin rana, a gidanmu na kwano da katako a unguwar Karantina. Inna na zaune a bakin ƙofa tana matsa gwiwarta, mahaifiyarku Zainabu na kwashe kwanuka da tsohon ciki.

"Saura kwana ashirin jirage su fara sauka," in ji Yaya Buhari. "Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani, Yaya. Biyar zuwa, biyar a can, biyar dawowa. Har da rara."

"Kai ka halicci iska da za ka yi mata lissafi?"

"Idi," in ji Inna, "tabarmar ubanka ita ta ciyar da ku har kuka yi gemu."

"Ta ciyar da mu, Inna. Ba ta taɓa ƙosar da mu ba."

Yaya ya ture kwanon gabansa ya tashi. Da Zainabu za ta ɗinke mini kuɗin a cikin ɗamara sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"In dai za ka tafi, to kada ka dawo da labari. Labari muna da shi a gidan nan."

Na shiga wani jirgin katako mai filafilai, irin wanda suke kira sambuk, ya ɗauko fulawa da sukari da kananzir. Kwana shida muka yi, ba biyar ba. Da hantsi muka shiga mashigin garin, ruwan kore shar, kana hango ƙasan teku da kifaye suna wucewa ƙarƙashin jirgi. Gidajen fararen dutse ne, gajeru, da itatuwan dabino a bayansu. Na saba da tashar Jidda, inda kafin a ɗaure igiya 'yan dako hamsin sun far wa kaya. A nan jirgi ya tsaya, babu wanda ya motsa. Mutane na kishingiɗe a kan gadajen igiya a ƙarƙashin rumfa, suka ɗago hannu suka gaishe mu, suka koma yadda suke. Babu mota ko ɗaya, sai jakuna. Babu ƙofa mai kwaɗo. Mai kanti ɗaya ne a garin, shi ma na tarar ya bar kantin a buɗe ya tafi kamun kifi, wanda ya ɗauki ashana ya ajiye kuɗi a cikin gwangwani. Na duba agogon hannuna, na duba mutanen nan, na ce a raina, Idi, ka zo kasuwar da babu ɗan kasuwa sai kai.

Ina tsaye ina wannan tunani wata akuya ta kama bakin jakata tana tauna. Na ɗaga ƙafa na kore ta, na ƙunduma mata zagi.

"Wane ne yake zagin akuyata da Hausa?"

Na juya. Wani tsoho ne baƙi, siriri, da zane ɗaure a ƙugu kamar 'yan garin, raga a kan cinyarsa yana ɗinki. Sunansa Baba Tanko, mutumin Gumel. Tun yana saurayi wani mai jirgi ya kwaso shi da wasu maniyyata daga tashar Masawa ya sauke su a nan, ya ce musu Makka na bayan dabinon can. Sauran suka sami jirgi suka wuce, shi zazzaɓi ya kwantar da shi, wata mata ta yi jinyarsa, ya aure ta. Ya je ya yi hajjinsa daga baya ya komo. Na tambaye shi me ya hana shi zama Jidda cikin 'yan'uwa.

"Na ga kowa yana gudu, na duba baya ban ga mai korarsu ba. Zauna ka sha gahawa, ɗana. Kwana uku kai baƙo ne, ba a maganar kaya."

"Baba, kwana biyar gare ni gaba ɗaya. Wa ke da yusur a garin nan?"

"Nahuda Salim, shi ne babban masu nutso. Amma ka ji abin da na ce?"

Na ji. Ban dai saurara ba. Da la'asar na sami Nahuda Salim a rumfarsa ta bakin ruwa, dattijo mai faffaɗan ƙirji da jan gemu, mutane kamar goma zagaye da shi. Aka ba ni wuri, aka zuba mini gahawa. Ban kai kofin baki ba na ce ina son ganin kaya. Ya dube ni, ya dubi mutanensa, sannan ya sa aka jawo wani buhu aka zazzage. Wallahi rassa ne na gani na faɗa. Akwai wani mai kaurin babban yatsana, tsawonsa kamu biyu, ban taɓa ganin irinsa a hannun manyan Jidda ba. To kun san yadda muka koyi ciniki: abin da ka fi so shi za ka fi kushewa. Na ɗauki reshen na juya shi, na taɓe baki, na jefar a kan yashi. Na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, wannan ai ƙirare ne, a Jidda da irinsa ake hura wuta, amma tun da na sha hanya zan taimaka in biya kaza. Na faɗi kuɗin a fili.

Babu wanda ya ɗaga murya. Wani mutum da ke zaune a gefe, mai kama da Nahuda amma ya fi shi ƙuruciya, ya tashi ya ɗauki reshen ya kakkaɓe masa yashi, ya mayar cikin buhu. Nahuda ya yi murmushi.

"Gahawarka ta huce, ya Idris. A sake masa wata."

"Kayan fa?"

"Ba na sayarwa ba ne."

Na yi dariya, na ɗauka salon ciniki ne. Na ƙara kuɗi. Ya tambaye ni lafiyar mahaifiyata. Na sake ƙarawa. Ya ce an ce a Jidda yanzu har kankara ake sayarwa, gaskiya ne? Washegari na zaga gidajen sauran masu nutso. Ko'ina aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo gasasshen kifi da gurasa, aka ce yusur ai sai bukura, gobe ke nan, in Allah ya kai mu. Goben ta zo, aka ce bukura. A rana ta uku na koma wajen Baba Tanko ina huci, na ce mutanen nan ba su san kuɗi ba.

"Sun san kuɗi. Kai ne ba ka san mutane ba. Wanda ya ɗauke reshen nan daga yashi ka gane shi? Ubaidu ne, ƙanen Nahuda. Shi ya ciro shi. A wannan nutson kunnensa na dama ya fashe, har yau ba ya ji da shi. Ka zo da takalmi da agogo ka ce masa ƙirare."

"Ciniki ne, Baba. Kowa ya san ba har zuci ba ne."

"A Jidda. Na biyu kuma, ka faɗi kuɗi da baki. A nan ba a yi wa numfashin mutum farashi a gaban jama'a. Hannu ake haɗawa a rufa rawani a kai, yatsu su yi magana. Abin da kuka daidaita, kai da shi da Allah. Kai kuwa ka tsaya kana shela kamar mai gwanjon jaki."

"To yanzu mene ne magani?"

"Magani? Ka koma gida. Ko ka zauna."

"Har yaushe?"

Ya ciji zaren ragarsa ya tsinke. "Ka ga irin tambayar taka ko?"

A rana ta biyar sambuk ɗin ya gama lodin busasshen kifi. Mai jirgin ya ce yalla, a tafi, iska ta yi kyau, wanda bai shiga yau ba sai bayan wata guda ko fiye, don duk jiragen za su koma jigilar alhazai. Na tsaya a bakin ruwa da jakata a hannu. Lissafin ba shi da wuya. In na shiga, zan iso Jidda a kan kari, in zauna a tabarmar ubana, in ci gaba da karɓar ragowar manya har in tsufa a jikin bangon nan kamar yadda ya tsufa, Yaya kuma ya samu abin ba da labari duk sallah. In na zauna, wuri ya tafi, kuma babu wanda ya yi mini alkawarin ko tsinke. Amma na ga reshen nan da idona. Na san yana cikin buhu, taku ɗari daga inda nake tsaye. Na ajiye jakar a ƙasa.

"Ba ni zuwa. In ka isa Jidda ka aika Karantina, gidan Buhari ɗan Haɗeja. Ka ce ina lafiya, zan daɗe. Ka ce su riƙe mini wuri."

Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu komo kanta.

Kwana arba'in da 'yan kai na ƙara a garin nan. Wai shan iska. Satin farko kam kusan haukacewa na yi. Gari ya waye, a yi sallah, a sha gahawa, a dubi teku a yi gardama a kan ko iska za ta juya. Rana ta take, kowa ya shige inuwa, har karnuka. La'asar ta yi, a fito a dubi tekun nan dai. Agogona ya tsaya don gishiri ya shige shi, kwana biyu ban ma lura ba. Ina kwana a shagon Baba Tanko, ina taya shi riƙe raga, shi kuma yana koya mini maganar yatsu a ƙarƙashin tsumma: kama yatsa ɗaya kaza ne, dunƙule hannu kaza, lanƙwasa gaɓa rabi, ture tafin hannu kuma shi ne albarka. In na yi kuskure ya murɗe mini yatsa ya ce hannuna ma surutu gare shi. Kullum la'asar ina zuwa rumfar Nahuda in zauna, in sha gahawa tun da zafinta, ban sake furta kalmar yusur ba.

A sati na biyar na roƙi su tafi da ni teku. Kada ku ɗauka tuba ce ta kai ni. So nake in san kayan tun daga tushe, zurfin da ake samunsa da wahalar da ke ciki, don kada wani ya taɓa rufe ni a kansa. Suka yi dariya, suka ce Takaruni, yadda Larabawa ke kiran irinmu, zai yi amai. Na yi aman kuwa, kwana biyu. A na uku suka ba ni igiya. Mai nutso yana maƙale hancinsa da ɗan ƙaho, ya sa ƙafa a igiya mai dutse, ya ja numfashi ɗaya ya nutse. Wata igiyar na ɗaure a ƙugunsa, ƙarshenta a hannun wanda ke cikin jirgi. In ya fizga, kai kuma ka ja da duk ƙarfin da Allah ya ba ka, don numfashinsa ya ƙare. Igiyar da aka ba ni ta Ubaidu ce. Ban sani ba ko da gangan Nahuda ya yi, ban kuma tambaya ba.

Sau goma ya sauka ya taso hannu wofi. A na sha ɗaya ya daɗe. Ina ƙirga a zuci har na wuce inda ya saba fizga, na dubi Nahuda, shi kuma ruwa yake kallo. Da fizgar ta zo, mai rauni ce, kamar kifi ya taɓa ƙugiya. Na ja. Igiyar ta sale mini tafin hannu biyu ban ji ba sai daga baya. Ya ɓullo da jini a hanci, idanunsa jawur, ya kama gefen jirgi ya kasa magana. Sannan ya ɗago hannu ya miƙo mini abin da ya samo. Reshe ne bai kai kamu ɗaya ba, bai kai rabin kaurin wanda na jefar a yashi ba. Yana ta murmushi kamar an yi masa albishir da ɗa.

Da la'asar a rumfa, a gaban mutanen da suka ji maganata ta farko, na matsa ta gefen kunnensa mai ji na ɗaga murya.

"Abin da na faɗa ranar da na zo ƙarya ne. Ina faɗa na san ƙarya ne. Ban taɓa ganin yusur mai kyan wancan ba."

"Mun sani," in ji Nahuda. "Bakinka yana zagi, idonka yana lashe. Sha gahawa."

"Kayan fa?"

"Bukura."

Jama'a suka fashe da dariya, har da ni. Sai da ya ƙara mini kwana tara. Ranar da aka hango filafilan jirgin da zai koma arewa, ina zaune sai na ji ya kamo hannuna na dama, ya warware rawaninsa ya rufa a kai. Kowa a rumfar ya zuba wa fuskokinmu ido. Ya matsa yatsuna ya faɗi kuɗinsa. Na ture tafin hannunsa. Ya ɗaga gira. Na kama yatsunsa na faɗi nawa. Ya ture. Baba Tanko na bayana, ya kasa haƙuri, ya yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa.

"Kai ɗan nan, kusan wata biyu kana jiran wannan rawani. Karɓi mana!"

"Baba, neman gafara na gama shi tun wancan satin. Yau ciniki na zo."

Muka yi ta yi har gumi ya jiƙa rawanin. Sau huɗu yana janye hannu kamar zai tashi, ban riƙe shi ba. A ƙarshe ya damƙe hannuna gaba ɗaya ya girgiza, ya yaye rawanin yana dariya har da tari. Ya ce da na karɓi kuɗin farko da ya sayar mini sau ɗaya ya sallame ni, don wanda ba ya ja ba ya shekara biyu a kasuwa, shi kuwa ya tsufa da koya wa sabon mutum zama duk shekara. Buhu biyu na ɗauko, da wancan reshen a ciki, da alkawarin duk abin da jiragensa suka ciro ni za a fara nuna wa. Nawa na biya? Mahaifiyarku ta tambaye ni shekara talatin ban faɗa mata ba. Abin da aka yi a ƙarƙashin rawani a can yake zama.

Na iso Karantina da rana tsaka, na rame, na yi baƙi ƙirin, hannuwana duk tabo. Na tarar an haifi Hajara har an yi suna. Inna na kwance a ɗaki, fuska ga bango. Zainabu ta ja ni bayan gida ta gaya mini. Saƙona ya iso bayan Yaya ya riga ya tafi Makka. Su riƙe mini wuri. Wa zai riƙe? Ita tana kan gwiwa yau ko gobe. Sai Inna ta naɗe tabarmar ta ɗora a ka, da gwiwar nan tata, ta taka tun daga Karantina har tasha. Kwana takwas tana zuwa tana zama cikin maza, tana baza kwalli, matar da ko kasuwar unguwa aike take yi. Ranar da jirgi na uku ya sauka, Ɗanjuma mai zobe, wanda kakanku ya saukar a gidanmu lokacin da ya zo ba shi da ko taro, ya ce mata, Hajiya, doka doka ce, mai wuri ba ya nan. Shi da wani mai tabarma suka kama bakin tabarmar da kayan a kai suka jawo ta cikin rana. Ta zauna a ranar nan har azahar. Sannan ta tattara ta dawo.

Na shiga na durƙusa. Ta daɗe kafin ta juyo.

"Ka samo?"

"Na samo, Inna."

"To. Je ka ga 'yarka. In yayanka ya dawo ka ba shi haƙuri."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar, har ta rasu bayan shekara huɗu. Ba ta sake taka hanyar tasha ba.

Yaya ya dawo bayan an gama aikin hajji. Na same shi a tsakar gida yana wanke ƙafa. Na tsaya har ya gama.

"Yaya, na zo ba ka haƙuri a kan Inna. Ni na jawo mata, da bakina."

"A kan Inna. Wurin Baba fa? Tafiyar fa?"

"Wannan ban zo ba da haƙuri a kansa ba."

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ajiye butar.

"To koma da rabin haƙurinka. Ranar da ya cika ka kawo."

Sauran kun san shi, ko kun ci daga cikinsa. Na kai rassan wajen wani tsoho mai feƙe carbi a wani lungu na cikin gari. Mausim na gaba ba ni da tabarma, sai na rataya carbi a hannu ina bin masaukan alhazai ɗaki ɗaki. A na uku na kama kanti, waɗanda suke ba ni ragowa suka fara aiko yaransu suna tambaya ko akwai. Shekara goma sha huɗu ina zuwa tsibirin nan, kowane zuwa in yi kwana ukuna na baƙunta ban ambaci kaya ba, har Nahuda ya rasu, samari suka bar nutso suka tafi aikin albashi. Ni na yi wa Baba Tanko sutura. Ɗanjuma ya ci inuwar bangon nan har alhazai suka koma jirgin sama hanyar ta mutu. Sau uku ina kiran Yaya ya shigo kantin a raba, sau uku yana ƙi. Ya gwammace gadin sito a unguwar masana'antu ta Jidda. Muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza, amma bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Har ya koma ga Allah yana jiran ɗaya rabin, ni kuwa ban kai ba, don ba zan ba da haƙurin ƙarya ga mutumin da nake girmamawa ba.

Saboda haka in 'ya'yansa suka sake ce muku ubanku ya yi barci a tsibiri, kada ku yi faɗa da su, 'yan'uwanku ne. Ku dai san inda laifin yake. Na so in kama sabo ban saki tsoho ba, na ɗora wa tsohuwa nauyin da ni na ajiye. Da za a mayar da ni bakin ruwan nan yau, da jakata a hannu, mai jirgi yana cewa yalla, zan sake ajiye jakar a ƙasa. Saƙon kawai zan canza. Zan ce a gaya wa Inna ta naɗe tabarmar ta zauna a gida, na saki wurin.